Yadda Za Ka Tace Ra'ayin Masu Kallo Kafin Ka Ƙona Data Kan Fim Ɗin Tsoro Na Kyamarar Tsintuwa

Kwanan baya a majalisarmu nan Mabera anka yi wata gardama har sai da shayin mai shayi yay yi sanyi, kan fim guda ɗaya tak. Wani abokinmu na rantsuwa wai tun da yak kalle shi bai iya fita fitsari da dare sai da tocila, wani kuma na cewa wallahi asarar data ce, mutane ukku na yawo cikin daji suna ihu suna zagin juna shi kenan. Kuma duk su biyun gaskiya sunka faɗi. Irin wanga fim haka yake, Turawa na ce mashi found footage, ni dai ina kiranshi na kyamarar tsintuwa, wato a nuna maka bidiyo awa wanda anka tsinta bayan masu ɗaukar sun ɓace ko sun mutu, hoto na rawa, murya na yankewa, babu kiɗan da zai gaya maka ga inda za ka firgita. In kuma anka haɗa shi da tsoro mai wasa da hankali, wanda ba dodo za a nuna maka ba, zuciyarka za a bari ta ƙera dodon da kanta, to nan ne masu kallo ke rabewa gida biyu.

Abu na farko, ka daina dogara da yawan taurarin da anka ba fim. A IMDb ko Letterboxd, shafukan intanet da masu kallo ke ba finafinai maki, za ka ga makin irin waɗanga finafinai na tsaka-tsaki, sai ka ɗauka fim ɗin ma tsaka-tsaki ne, alhali wasu sun ba shi maki mai yawa wasu sun ba shi kaɗan, lissafi ne yah haɗa su a tsakiya. Fim ɗin da munka yi gardama kanshi, The Blair Witch Project na 1999, shi ne babban misali. Masu sharhi na jaridu sun yaba mashi ƙwarai, ya tara sama da dala miliyan 240 bayan kuɗin da anka kashe wurin ɗaukarshi dubbai ne kawai, amma 'yan kallo da yawa sun fito silima suna tsaki saboda har aka tashi ba a nuna mayyar da labarin ke kanta ba ko sau ɗaya. To kai mi kake nema? In ganin mayya kake so da idonka, ka bi masu tsakin. In kuwa ka taɓa kwana ƙauye ka ji motsi bayan danga kuma ka san rashin ganin mai motsin ya hi ganin nashi tada hankali, to masu yabon ne mutanenka.

Saboda haka ni masu zagin nika fara karantawa, ba masu yabo ba. Ka buɗe waɗanda sunka ba da tauraro ɗaya ka duba da mi suke kuka. Wanda yac ce "babu abin da ya faru" ko "na yi barci", wannan sau da yawa ba aibin fim ɗin ba ne, ya shiga rumfar fura ne yana neman balangu. Wanda yac ce kanshi ya yi jiri ko zuciyarshi ta tashi, wannan ka ɗauke shi da gaske in kai ma mota na sa ka amai tsakanin Sakkwato da Gusau, don rawar kyamara na yi ma wasu haka, tun lokacin fim ɗin 1999 ɗin anka riƙa samun masu fita silima saboda jiri. Amma kukan da ya hi kowanne nauyi shi ne in ka ga mutane da yawa na tambayar mi yas sa mutumin bai aje kyamarar ya gudu ba. Wannan ita ce ƙashin bayan fim ɗin tsintuwa, in babu dalili mai ƙarfi da zai sa mai ɗauka ya ci gaba da ɗauka, ƙaryar ta hito fili, kuma da zarar ka daina yarda tsoro ya tafi. Haka in sunka ce an sa kiɗan tsoro a ƙarƙashi, to wa yas sa kiɗa a bidiyon da anka tsinta cikin daji? Irin wannan ni nan take nika wuce shi.

Masu yabon ma sai an tace. Duk wanda yar rubuta "fim mafi ban tsoro a duniya, kar ka kalla kai kaɗai" ba tare da ya faɗi komi ba, share shi, 'yan TikTok sun mayar da wannan magana sana'a. Nemi wanda zai ce maka lokacin kallo bai ji komi ba amma da yak kwanta sai abin yad dawo mashi. Irin abin da ake faɗi kan Lake Mungo ke nan, na ƙasar Ostareliya, 2008, labarin iyalin da ɗiyarsu ta nutse a ruwa, kusan duk hira ce da hotuna, baƙin ciki ya hi tsoro yawa a ciki, shi yas sa wasu ke cewa gundura ce kawai wasu kuma na cewa ya hana su barci. Creep na 2014 kuma babu aljani babu fatalwa, mutum biyu ne, mai ɗaukar bidiyo da wani da yaɗ ɗauke shi aikin yini guda, tsoron duk na halin ɗan Adam ne, irin mutumin da ke maka dariya amma jikinka na gaya maka ka tashi ka tafi.

Sannan ka duba shekarar da mutum yab ba da ra'ayi. Waɗanda sunka kalli na 1999 a lokacinshi, an yi masu talla a intanet cewa 'yan wasan sun ɓace da gaske, wasu sun shiga silima suna zaton gaskiya ce. Tun kafin nan ma, a Italiya mai fim ɗin Cannibal Holocaust na 1980 sai da yaj je kotu ya nuna 'yan wasanshi na da rai (wannan kam ban ba kowa shawarar kallonshi, an kashe dabbobi na gaske a ciki). Yaron da yat taso da waya a hannu, wanda kullum yana ganin bidiyon ƙarya a WhatsApp, ba zai ji abin da waɗancan sunka ji ba, kuma ba laifinshi ba ne.

Akwai kuma batun wane ne mai ra'ayin. Bature da bai yarda da aljanu ba yana kallon Dabbe, na Turkiyya, wanda anka yi 2013 kan wata likita da malami da matar da ake cewa an shafa, awa tatsuniya yake ganinshi. Mu kuwa da munka taso da labarin iskokai da gidan da ba a shiga bayan magariba, abin kusa yake da gida, don haka in Bature yac ce mashi "ba laifi" kai ka ƙara mashi kaso. Ya haura awa biyu kuma akwai ihu da yawa, ka sani tun da wuri.

To ka zaɓa, saura kallo, kuma nan ne rabin masu zagi sunka yi kuskure. Kar ka karɓo wanda anka matse wurin masu tura finafinai a kasuwa don ya shiga memori, irin wanga fim rabinshi duhu ne, in anka matse shi duhun sai ya koma ɓarɓashi, abin da anka ɓoye a kusurwa ba ka ganinshi. A Paranormal Activity, wanda anka ɗauka cikin gidan mai fim ɗin da kuɗi wajen dala 15,000, akwai daren da duk abin da ke faruwa ƙofa ce ke ɗan motsi, in hotonka ba shi da kyau ko kana duba saƙo lokacin, ai shi kenan kai ma ka shiga sahun masu cewa babu abin da ya faru. Sa iyafis, kashe data bayan ka sauke, cika caji don kar a ɗauke wuta a bar ka tsakiya, kuma kar ka riƙa turawa gaba, jiran nan da ke gundurar ka shi ne aikin. Mai fassarar Hausa kuma a bar ma finafinan Indiya, don mai fassara ba ya iya barin shiru, nan kuwa shirun ake saye. A majalisa ma ba ya kalluwa, mutum ɗaya ya yi ba'a an gama. In kana jin jiri ka nisanta wayar da fuskarka ka bar ƙaramar fitila, kuma kar ka hau kanshi bayan ka cika ciki da tuwo.

Kafin ka kunna gaban iyali ka leƙa sashen da IMDb ke ware ma iyaye, yana lissafa zagi da tsiraici da jini, don wasu cikinsu bakinsu babu linzami. Yara kam a kore su. Ni da kaina lokacin zafi da ake kwana tsakar gida ban kallon irinsu, na gwada sau guda cikin watan Afrilu, akuyar maƙwabta tat taɓa kwanon wanki wajen ƙarfe biyu na dare, sai ga ni cikin ɗaki da tabarmata, zufa na zuba, na maimaita azkar ɗin barci ya hi sau ukku.