Abin Da Za Ka Yi Idan Ƙasa Ta Fara Girgiza

Ba kasafai girgizar ƙasa ke kisa da kanta ba, gini ne ke ruftowa kan mutane. Da zarar ka ji ƙasa na rawa, kada ka ruga waje, kada ka bi matakala. Durƙusa, ka shige ƙarƙashin tebur mai ƙarfi, hannu ɗaya ya kare kai da wuya, ɗayan ya riƙe ƙafar teburin, don shi ma zamewa yake. Nisanci taga da kabad.

Da ta lafa, fara da kashe wuta. A Tokyo da kewayenta, a ƙasar Japan, a 1923 girgizar ta zo da tsakar rana ana cikin girki, gobarar da ta biyo baya ce ta ci mafi yawan mutum fiye da 100,000 da suka mutu. Kashe risho, rufe tukunyar gas, kada ka ƙyasta ashana. Sa takalmi saboda fasasshen gilashi, ka fita fili.

Kada ka koma ɗaukar kaya. A Turkiyya ranar 6 ga Fabrairun 2023, bayan girgiza ta farko mai ƙarfin maki 7.8, wata mai 7.5 ta sake afkuwa bayan kimanin awa tara, ta ƙarasa gine-ginen da suka tsattsage.

In gini ya danne ka, rufe hanci da riga, ka riƙa ƙwanƙwasa bututu ko bango. Ihu ƙura kawai zai sa ka shaƙa.

A bakin teku kuwa, in ruwa ya ja da baya ya bar kifi kan yashi, kamar yadda aka gani kafin tsunamin 2004 (ƙatuwar igiyar ruwa da girgizar ƙasa a ƙarƙashin teku ke tayarwa), kada ka tsaya kallo, nufi tudu da gudu.