Kifin tanki ya juye ko ya nutse: kurakuran da aka fi yi da yadda za a gyara su

Duk mai kiwon kifin ado a tankin gilashi, wata rana zai tashi ya tarar da ɗaya daga cikin kifayensa yana shawagi a saman ruwa cikinsa a sama, ko ya kwanta a ƙasan tanki yana ta yunƙuri ya kasa tashi, ko kuma yana iyo a karkace. Abin da aka fi ji nan take shi ne, "Ciwon jakar iska ne." Kuskuren farko ke nan, kuma daga gare shi sauran suke fitowa.

Jakar iska wata 'yar jaka ce a cikin kifi, sama da hanji, ƙasa da ƙashin baya, mai cike da iska. Ita ce take ba shi damar tsayawa a tsakiyar ruwa ba tare da ya wahalar da kansa ba. A jikin kifin zinariya da ɗan'uwansa koi, wani babban kifin ado, jakar tana da ɗaki biyu, kuma akwai wata siririyar hanya da ta haɗa ta da maƙogwaro, don haka suna iya haɗiyar iska su ƙara mata, ko su fitar. Wasu kifaye, irin su sikilid, ba su da wannan hanya, ta cikin jini suke cika jakar suna rage ta a hankali. Abin lura a nan shi ne, sau da yawa jakar lafiyarta ƙalau. Wani abu ne daban ya danne ta ko ya ture ta daga mazauninta: hanji da ya cushe, ƙwai da suka taru, ƙoda da ta kumbura, ƙari, ko ruwa da ya taru a ciki. Juyewa da nutsewa alama ce kawai. Wanda ya ɗauke ta a matsayin cuta mai magani ɗaya zai yi ta zuba abubuwa a ruwa, kifin kuwa yana ƙara galabaita.

Mafi yawan mutane ba sa auna ruwan. Suna duba shi da ido, su ga ya yi garau, su ce ba daga nan ba ne. Amoniya da naitirait, sinadaran da ke yi wa kifi guba, ba su da launi. Kashin kifi da ragowar abinci su ne suke ruɓewa su zama amoniya, ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a cikin matata, wato na'urar da ke tace ruwan tanki, su mayar da ita naitirait, sannan naitiret. A tankin da yake daidai, amoniya sifili ce, naitirait sifili, naitiret kuma kada ya wuce 40 a ma'aunin ppm (kashi cikin miliyan), in ya tsaya ƙasa da 20 ma ya fi. Kifin da ya daɗe a gurɓataccen ruwa jikinsa yana raunana, cikinsa ya daina narkar da abinci yadda ya kamata, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Saboda haka kafin ka taɓa kwalbar magani, ka ɗauko kayan gwajin ruwa. In sakamakon ya nuna matsala, ka canza kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na ruwan, ka maimaita washegari, har lambobin su sauka. Ruwan da za ka zuba ya zama an kashe kulorin da ke cikinsa, kuma ɗuminsa ya yi daidai da na tankin.

Akwai masu wuce gona da iri a nan. Da zarar sun ji an ce ruwa ne, sai su kwashe shi duka, su wanke tsakuwa da sabulu, su wanke soson matata a ƙarƙashin famfo. Wannan yana kashe bakteriyar da tankin ya dogara da ita, bayan 'yan kwanaki amoniya ta yi sama fiye da da. Soson matata a cikin ruwan da ka ɗebo daga tankin ake ɗauraye shi, a hankali, kuma sabulu ba ya shiga tanki ko kaɗan.

Sai maganar abinci, wadda ita ce ta fi yawan jawo wannan matsala, musamman ga kifin zinariya mai dunƙulallen jiki irin su oranda da ranchu da riyukin. An daɗe ana zaɓen waɗannan kifaye ana haɗa su don su fito gajeru masu ƙaton ciki, sakamakon haka kayan cikinsu a matse suke, jakar iskar ma wani lokaci a lanƙwashe take. Ɗan cushewar ciki kaɗan ya isa ya juyar da su. Kifin zinariya ba shi da tumbi na gaskiya, abinci daga maƙogwaro hanji yake wucewa, kuma ba ya nuna ya ƙoshi. Duk lokacin da ka zo kusa da gilashi zai taso yana buɗe baki, mai shi kuma tausayi ya kama shi ya ƙara zuba masa. Ga busasshen abinci mai yawo a saman ruwa: kifin yana haɗiyarsa tare da iska, sannan ya je ya kumbura a hanji. Hanya mai sauƙi ta gane wannan ita ce lura da lokaci. In kifin yana juyewa bayan ya ci abinci, da safe kuma ka same shi ya daidaita, to kusan tabbas daga hanji ne.

Gyaran shi ne a dakatar da abinci kwana biyu zuwa uku. Mutane suna jin tsoron wannan, amma babban kifi mai ƙoshin jiki ba abin da zai same shi. Bayan haka a dafa koren fis, wato koren waken Turawa mai ƙwaya kewayayya (peas), har ya yi laushi, a cire ɓawonsa, a murƙushe, a ba shi kaɗan. In ya warware, kada a koma gidan jiya. A sauya zuwa abinci mai nutsewa, ko a jiƙa busasshen kafin a zuba, a riƙa ba shi abin da zai cinye cikin minti biyu, sau ɗaya ko biyu a rana, a haɗa masa da ɗan ganye.

Sai dai fis ɗin nan ya zama wani kuskuren shi ma, domin an mayar da shi maganin komai. Kifin beta, wani ƙaramin kifin ado, mai cin nama ne, ƙwari da tsutsotsi yake ci, cikinsa bai dace da fis ba. Shi dafniya ta fi masa, wato waɗannan ƙananan halittun ruwa da ake sayarwa a daskare. Kuma in an yi hutun abinci an ba da fis har mako guda ba canji, ci gaba da hakan ɓata lokaci ne, dalilin yana wani wuri.

Sanyi ma ana mantawa da shi. Jikin kifi ɗumin ruwa yake bi, in ruwa ya yi sanyi narkar da abinci sai ta ja baya. Beta yana son digiri 25 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas, amma ana yawan ajiye shi a ƙaramin kwano ba hita. Kifin zinariya mai dunƙulallen jiki da ya kamu, ɗaga masa ɗumi zuwa wajen 24 yana taimakawa. A ɗaga a hankali, digiri ɗaya ko biyu a rana, domin canjin farat ɗaya shi kansa yana iya jawo abin da ake gudu.

Gishiri kuma ana rikita shi. Gishirin girki da gishirin Epsom, wato sinadarin magnesium sulfate, ba abu ɗaya ba ne. Na Epsom, wanda ba a haɗa shi da turare ko launi ba, shi ake amfani da shi don sassauta ciki da rage kumburi, kuma a tankin jinya na daban, ba a babban tanki ba, da awo ƙanƙani, kamar ƙaramin cokali ɗaya a lita 20. Gishirin girki ba ya wannan aikin, kuma wasu kifaye marasa ɓawo da tsirran ruwa ba sa jure shi.

Abin da ya fi damuna shi ne zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da dalili ba. Yau wannan, jibi wancan, wani lokaci biyu a haɗe. Maganin ba ya warkar da cushewar ciki, ba ya gyara jakar da aka haifi kifi da ita a karkace, amma yana iya kashe bakteriyar matata kuma ya wahalar da ƙoda da hantar kifin da dama ya raunana. Akwai alamun da ke nuna cewa lallai cuta ce ta shiga: kifin ya daina ci gaba ɗaya, ya manne fukafukansa a jiki, jan zane ya fito a wutsiya ko ciki, idanu sun firfito, ko miki ya bayyana. Mafi muni ita ce in jiki ya kumbura, ɓawon jikinsa ya miƙe tsaye ɗaya bayan ɗaya in ka dube shi ta sama. Wannan ruwa ne ya taru a jiki, yawanci ƙoda ta gaza, kuma kaɗan ne suke tashi. A irin wannan hali likitan dabbobi da ya san kifi ake nema. Hoton eksire yana nuna jakar iska sarai, ko ta cika fiye da kima, ko ta motse, ko ruwa ya shige ta, ko wani abu ya ture ta gefe. Likita yana iya zuƙe iskar da allura bayan ya sa wa kifin maganin barci. Kada kowa ya gwada wannan a gida, kuma kada a matsa cikin kifi da yatsa wai don iska ta fita, kayan ciki ake fasawa.

Yayin da ake neman dalili, kifin yana buƙatar kulawa, kuma nan ma ana sakaci. Wanda yake shawagi a sama, ɓangaren jikinsa da ke waje da ruwa yana bushewa, ya yi ja, ya zama miki. Wanda ya nutse kuma tsakuwa tana goge masa ciki. A mayar da shi tankin jinya mara zurfi, mara tsakuwa mai kaifi, a rage ƙarfin ruwan da matata take turowa, a raba shi da kifayen da ke cizonsa ko suke riga shi cin abinci. In ba ya iya kai wa ga abinci, a miƙa masa da hannu ko da ɗan hantsaki. Masu ɗaura wa kifi abin da zai riƙe shi a tsakiyar ruwa niyyarsu mai kyau ce, amma igiya ko roba tana kankare yauƙin da ke kare fatarsa, daga nan cuta ta shiga.

Wani lokaci kuma ba ciwo ba ne sam. Akwai ɗan kurungun yankin kogin Kwango da halittarsa ce yin iyo a juye. Kifayen ƙasan ruwa irin su fileko zaman ƙasa shi ne ɗabi'arsu. Ka san irin kifin da kake da shi kafin ka fara jinyarsa.

Akwai kifayen da ba za su taɓa daidaita ba, ko don haka aka haife su, ko don jakar ta lalace har abada. Irin wannan, muddin yana ci, yana motsi, ba miki a jikinsa, zai iya rayuwa shekaru a tanki mara zurfi mai tsabta, ba dalilin kashe shi. Amma in ya daina ci, jiki ya yi miki, numfashi yana yi masa wuya, kuma likita ya ce ba gyara, to a sauƙaƙa masa. Kada a jefa shi a masai da rai, kada a saka shi a firiza. Ana amfani da man kanumfari, wajen mililita 0.4 a kowace lita ta ruwa, a fara kaɗa shi da ɗan ruwan ɗumi, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan cikin mintuna biyar har kifin ya yi barci, sannan a bar shi a ciki aƙalla minti 30 bayan murfin numfashinsa ya daina motsi.