Yadda ake cika sharuɗɗan LEED wajen zaɓen fili da kula da bakin ƙofa

Takardar shaidar LEED, wadda ake bai wa gine-ginen da ke kiyaye muhalli, kuma ƙungiyar USGBC ta Amurka ta ƙirƙiro, da maki ake samunta: 40 ne mafi ƙanƙanta, daga 80 kuma an kai matakin ƙoli. Wasu daga cikin makin nan tun ranar sayen fili ake cin su ko a rasa su, shi ya sa daga can aikin yake farawa.

Kafin ka biya ko sisi, nemi taswirar ambaliya da bayanin ƙasar wurin. A tsarin LEED v4, wanda ya fito a 2013, ana so ka kauce wa gona mai albarka, da inda ruwa ke kwanciya, da mazaunin dabbobin da ke gab da ƙarewa. Ka ja baya mita 30 daga kogi ko tafki, mita 15 daga fadama. Hanya mafi sauƙi ita ce filin da aka taɓa gini a kansa. Idan ma tsohuwar masana'anta ce da ta gurɓata ƙasa ka tsabtace ta, akwai ƙarin maki.

Sai batun sufuri. Tashar bas kada ta wuce mita 400 daga ƙofar ginin, ta jirgin ƙasa kuma mita 800. A nan ne mutane da yawa suke shan ƙasa, domin sukan ɗora rula a kan taswira su ja layi ɗoɗar. Tafiyar ƙafa ake aunawa. Idan katanga ko babban titi marar wurin tsallakawa ya gitta, zagayen da mai tafiya zai yi shi ne lissafi. Ka taka da kanka, ka kuma samo jadawalin zirga-zirgar motocin, don ana ƙirga sahun da suke yi a rana.

Bakin ƙofa kuwa ya sha bamban, aiki ne da ba ya ƙarewa. Ƙura da yashi a tafin takalmi suke shiga, su hau iskar da ake shaƙa, su kuma goge santsin daɓe. Duk ƙofar da ake yawan bi daga waje tana bukatar abin kakkaɓe ƙafa mai tsawon aƙalla mita 3, a miƙe da inda mutum ya dosa, ba a gicciye ba. Ɗan ƙyallen nan da ake tsallakewa da taku ɗaya bai isa ba. A ganina ragar ƙarfe da aka nutsar cikin daɓe ta fi, tunda ana ɗaga ta a kwashe dattin da ya taru a ƙasa. Tabarmar da ake naɗewa ma ta karɓu, sai dai gefenta kan tashi ya harɗe mutum.

Kowanne ka zaɓa, sai an tsabtace shi duk mako. Rubuta wannan a yarjejeniyar masu shara, ka ajiye littafin da za su riƙa sa hannu.

Shan taba haramun ne a tazarar mita 7.5 daga ƙofa, tagar da ake buɗewa, da inda na'ura ke jawo iska. Wannan ba maki ba ne, sharaɗi ne na dole, saboda haka a kafa allon sanarwa. A ƙarshe ka haɗa taswirori, zanen ƙofofi da awonsu ka tura wa GBCI, masu tantancewa.