Yadda za ka tare tsutsar da ke cinye ganyen bishiya a Amurka

Mu da muke Shalot, a jihar Karolina ta Arewa, a shekarun da abin ya yi yawa, watan Afrilu sai ka ga wasu ƙananan tsutsotsi, kore da baƙaƙe, suna lilo da zare daga bishiya, suna faɗo maka a wuya da kan mota, ganye kuwa sun mai da shi rariya. Tafiyarsu kamar mai auna yadi da taƙi, ta lanƙwashe ta miƙe. 'Ya'yan wani malam-buɗe-littafi ne na dare, masana suna ce masa Alsophila pometaria.

To ga lagonsa. Namijin yana tashi, amma macen ba ta da fiffike sam, dole da ƙafa za ta hau bishiya ta je reshe ta zuba ƙwai kusan 100 a jere, su ne daga baya suke ƙyanƙyashewa su zama tsutsotsin nan. Tana fitowa daga ƙasa ne bayan sanyi ya kankama, ƙarshen Nuwamba zuwa Disamba, don haka a gangar bishiyar za ka jira ta da tarkon danƙo da zai kama ta.

Bari sai yawancin ganye ya zube tukuna, in ka yi gaggawa busasshen ganye zai manne ya zame mata gada. Ka samu auduga ka naɗe gangar daidai ƙirjinka, ka cusa ta sosai cikin tsagar ɓawo, nan fa mutane suke sakaci, ni ma shekarar farko na bar 'yar kafa kuma wallahi ta ƙarƙashi suka bi suka haye, aikina ya tashi a banza. Sai ka ɗora takarda mai kauri ko leda a kan audugar ka ɗaure tam, banda ƙusa don Allah. A kan takardar za ka shafa wani danƙo mai suna Tanglefoot ya zagaye ba yankewa, kar ya taɓa ɓawon, kuma ka sa safar hannu don ba ya wankuwa da sauƙi.

Duk sati ka leƙa, in ya cika da gawa ka ƙara shafawa. Ka ja maƙwabta su ma su yi, iska tana kwaso tsutsa da zarenta daga bishiyar gidansu zuwa taka.

Ƙarshen Afrilu ka kwance komai, in ka bari danshi zai taru ya ɓata ɓawon.