Darasi na Tara: Sabunta Babbar Manhajar Tsohuwar Waya

A cikin kowace wayar zamani akwai manhajoji iri biyu. Akwai ƙanana waɗanda muke taɓawa kullum, irin su WhatsApp da Facebook da manhajar banki. Akwai kuma babba guda ɗaya wadda ke ɗauke da su duka. Ita ke tayar da wayar in an kunna, ita ke ba ƙananan wurin zama, ita ke tsare ƙofa kada ɓarawo ya shigo. In wayarku iPhone ce, sunan babbar manhajar iOS, ta kamfanin Apple. Yawancin sauran wayoyi, irin su Samsung da Tecno da Infinix da Redmi, Android ce a cikinsu, ta kamfanin Google.

Sabunta wannan babbar manhaja shi ne abin da masu gyaran waya ke kira afdet. Shi ma iri biyu ne. Na farko facin tsaro: ƙaramin gyara da ke toshe kafar da aka gano 'yan kutse na iya bi. A shekarar 2015 an gano wata kafa a Android da aka sa wa suna Stagefright, wadda ta sa ana iya kutsawa cikin waya ta hanyar tura mata saƙon bidiyo. Daga wannan shekarar Google ya fara fitar da faci kowane wata. Na biyu shi ne babban sauyi, inda lambar manhajar ke ƙaruwa, misali daga Android 11 zuwa 12. Wannan sau ɗaya yake zuwa a shekara, ya fi nauyi, kuma shi ya fi wahalar da tsohuwar waya.

Ku fara sanin abin da ke hannunku

Ku buɗe Settings, wato wurin saiti, mai hoton ƙaramar taya mai haƙora. Ku gangara zuwa inda aka rubuta About phone, ku taɓa. A Samsung sai kun ƙara taɓa Software information. A iPhone kuwa, General ne sannan About. Ku ɗauki biro ku kwafi abu uku a takarda: lambar samfurin wayar, lambar Android ko iOS, da kuma, in Android ce, kwanan watan da ke ƙarƙashin Android security update ko security patch level.

Ga hanya mai sauƙi ta sanin shekarun manhajar. Daga Android 5 har zuwa 16, in kun ƙara 2009 a kan lambar, za ku sami shekarar da ta fito. Android 8 ta fito a 2017, Android 10 a 2019, Android 14 a 2023. Amma kwanan watan facin ya fi lambar muhimmanci, domin shi ke faɗin ranar ƙarshe da aka toshe wa wayar kafa.

Shiri

Ba a fafe gora ranar tafiya. Danna maɓallin sabuntawa aikin daƙiƙa biyar ne, shirin da ke gabansa shi ne ainihin darasin, kuma yawancin wayoyin da ke lalacewa wajen wannan aiki tun daga nan aka yi sakaci.

Abu na farko, ku ajiye kwafin kayanku a wajen wayar. Sabuntawa ba ta goge hotuna ko lambobin mutane in ta tafi daidai. Amma in ta tsaya a tsakiya, sau da yawa maganin da ya rage shi ne a wanke wayar tas, komai ya tafi. Ku kwashe hotuna da bidiyo zuwa katin memori ko kwamfuta. Ku tabbatar lambobin mutane suna cikin asusunku na Google, ko na iCloud in iPhone ce, ba a jikin wayar kaɗai ba. A WhatsApp ku shiga Settings, sannan Chats, sannan Chat backup, ku danna, ku jira sai ya nuna kwanan watan yau.

Abu na biyu shi ne wanda aka fi mantawa, kuma muna roƙonku kada ku tsallake shi. Ku tabbatar kun san lambar buɗe wayarku, da adireshin imel da kalmar sirrin asusun da ke cikinta. Mutane da yawa sun saba buɗe waya da zanen yatsa har lambar ta fita daga kansu. To, bayan waya ta mutu ta sake tashi, ba ta karɓar yatsa a karo na farko, lamba take nema. Haka kuma, tun daga Android 5.1, in aka wanke waya ta hanyar maɓallan gefe, ba za ta buɗe ba sai an saka asusun Google da ke cikinta a da. An yi haka ne don a hana ɓarayi cin moriyar wayar sata, amma wayar ba ta bambance ɓarawo da mai ita da ya manta. iPhone ma haka take da asusun Apple. In wani ne ya buɗe muku asusun, ku neme shi ya ba ku kalmar sirrin kafin ku taɓa komai, ku rubuta ta ku adana a inda ba kowa ke gani ba.

Na uku, fili. Facin tsaro bai cika wuce 'yan ɗaruruwan megabait ba, babban sauyi kuwa yakan kai gigabait ɗaya zuwa uku, na iPhone har ya zarce haka. Kuma wayar na bukatar fili fiye da girman abin da ta sauke, domin a ƙunshe yake zuwa, sai ta kwance shi sannan ta shimfiɗa. Ku duba Storage a cikin Settings. Shawararmu ita ce ku bar aƙalla ninki biyu na girman da aka nuna. Filin katin memori ba ya cikin lissafi, ma'ajiyar cikin wayar ake bukata. A wayar da ke da gigabait 16 ko 32 kacal, a nan aikin yake. Ku fara da bidiyoyin da aka turo ta WhatsApp, su ne suka fi cin wuri, sannan manhajojin da kuka yi wata uku ba ku buɗe ba.

Na huɗu, caji. Ku kai batirin kashi 75 cikin 100 ko sama, kuma ku bar caja a jiki har a gama. Kada ku yarda da lambar da tsohon batiri ke nunawa. Batirin da ya shekara uku ko huɗu yana iya nuna 40 ya mutu nan take in aiki ya yi masa nauyi, kuma babu aikin da ya kai sabuntawa nauyi. In kun ga bayan wayar ya kumbura ko gilashin ya ɗaga daga gefe, ku dakata. Batiri ne ya kumbura, yana iya kamawa da wuta, sai an canja shi.

Na biyar, intanet mai ƙarfi wanda ba ya yankewa. Wi-Fi ya fi, wasu wayoyin ma ba sa yarda su sauke babban sauyi da datar layi. Ku kuma zaɓi lokacin da ba ku jiran kira, domin wayar ba za ta yi aiki ba na wani lokaci.

Aikin kansa

1. Ku jona caja, ku haɗa wayar da Wi-Fi.
2. Ku shiga Settings. A yawancin wayoyin Android, ku taɓa System sannan System update. A Samsung, Software update sannan Download and install. A iPhone, General sannan Software Update.
3. Ku karanta girman da ta nuna, ku gwada shi da filin da kuke da shi, sannan ku danna Download.
4. In ta gama saukewa, ku danna Install ko Restart now.
5. Ku ajiye wayar a kan tebur ko wani abu mai tauri, ba kan katifa ko ƙarƙashin matashi ba, ku ɗauke hannu.

Fuskar wayar za ta yi baƙi, tambarin kamfani ya fito, wani layi ya riƙa cika a hankali. Tana iya mutuwa ta tashi sau biyu ko uku, za ta kuma yi ɗumi. Duk wannan ba matsala ba ne. A tsohuwar waya, aikin kan ɗauki minti 20 zuwa awa ɗaya. Layin yana iya tsayawa wuri ɗaya minti goma kamar ya daskare, alhali aiki ake yi a ciki. Sauri kan haifi nawa: wanda ya kashe wayar a wannan lokaci ya bar ta da rabin tsohuwar manhaja da rabin sabuwa, kuma ba za ta tashi da ko ɗaya ba. Wasu wayoyin da aka yi daga 2016 zuwa yau suna da ɗaki biyu na manhaja, suna rubuta sabuwa a ɗaya suna aiki da ɗayan, don haka in an sami tangarɗa sai su koma tsohuwar. Ba kowace waya ke da wannan gata ba, kada ku dogara da shi.

Bayan ta tashi, ku koma wurin ku sake dubawa. Wayar da ta daɗe ba a sabunta ta ba, bi da bi gyare-gyaren ke zuwa mata, sai an saka ɗaya na gaba ya bayyana.

In abu ya ƙi

In ta ce ba ta iya haɗuwa ko ba ta iya dubawa ba, ku fara duba kwanan wata da agogon wayar. In sun kauce, wayar ba ta amincewa da takardar shaidar kwamfutocin kamfanin, sai ta ƙi magana da su. Ku mayar da agogon ya riƙa saita kansa. In saukewa ta kai ƙarshe sannan ta ce ta gaza, mai yiwuwa abin ya lalace a hanya saboda yankewar intanet, sai a sake saukewa. In kuma an taɓa buɗe cikin manhajar aka yi mata abin da masu gyara ke kira rutin, sabuntawar kamfani takan ƙi hawa.

In ta maƙale a kan tambari fiye da awa biyu, ko tana ta mutuwa tana tashi ba iyaka, sai ku tilasta mata ta sake tashi. A yawancin wayoyin Android, ku danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30. A Samsung, ku danne shi tare da na rage murya kamar daƙiƙa 10. A iPhone 8 zuwa sama, ku taɓa na ƙara murya ku saki, ku taɓa na ragewa ku saki, sannan ku danne na gefe sai hoton tuffa ya fito. A iPhone 7, na gefe da na rage murya ake dannewa tare. Wannan ba ya goge komai.

In hakan bai yi ba, ku kai wa mai gyara, tare da takardar da kuka rubuta lambar samfuri. Ku tambaye shi tun kafin ya fara ko aikin zai goge kayanku. Rubutun Wipe data ko Factory reset, da kuma Restore a iPhone, duk ma'anarsu wanke waya. In filashin za a yi, wato sake saka wa wayar babbar manhaja daga kwamfuta, dole manhajar ta dace da lambar samfurin harafi da harafi, domin wayoyi biyu na iya zama suna ɗaya kayan cikinsu daban, kuma manhajar da ba ta dace ba tana iya kashe waya ɗungurungum.

Kwana ɗaya ko biyu bayan sabuntawa, batiri kan yi saurin ƙarewa saboda wayar tana sake tsara manhajoji da hotuna. Ku ba ta lokaci kafin ku yanke hukunci. Ku kuma sani komawa tsohuwar manhaja abu ne mai wuya, a wayoyi da yawa ma ba ya yiwuwa.

Gargaɗi guda: sabuntawa ta gaskiya daga cikin Settings kawai take fitowa. Duk saƙon da ya faɗo muku a shafin intanet, ko aka turo ta WhatsApp ko tes, yana cewa wayarku ta kamu da cuta ku danna nan ku sabunta, tarkon 'yan damfara ne. Ku rufe shi.

Ranar da kamfani ya daina aikowa

Wayar na iya rubuta muku cewa manhajarku ita ce ta ƙarshe, ku ɗauka komai lafiya. Abin da take nufi shi ne babu wata sabuwa da aka yi wa wannan samfurin. Kowace waya tana da iyaka. iPhone 6 ta tsaya a iOS 12, iPhone 6s da 7 a iOS 15, iPhone 8 da X a iOS 16. Wayoyin Android masu sauƙin kuɗi da yawa shekara biyu ko uku kawai suke samun faci. Sai a baya-bayan nan Google da Samsung suka yi alkawarin shekara bakwai ga Pixel 8 ta 2023 da Galaxy S24 ta 2024.

In kwanan watan facinku ya haura shekara ɗaya kuma babu sabo, wayar ta kai iyakarta. Ba ta mutu ba, kuma akwai sauran abin yi. Ku ci gaba da sabunta ƙananan manhajoji daga Play Store ko App Store, musamman Chrome da WhatsApp. In Android 10 ce ko sama, ku nemi Google Play system update a sashen tsaro na Settings, domin wannan daga Google yake zuwa kai tsaye ko da kamfanin wayar ya daina. Kada ku saka manhajar da wani ya turo muku daga wayarsa. Harkar kuɗi mai yawa kuwa, in da hali, a mayar da ita kan wayar da har yanzu ke samun faci. Sannu a hankali ƙananan manhajojin ma za su janye: tun 2023 WhatsApp ta daina aiki a Android da ke ƙasa da 5, a 2025 kuma ta daina a iPhone da ke ƙasa da iOS 15.1.

Aikin aji

Ku zauna bibbiyu. Kowa ya nemo lambar Android ko iOS ta wayarsa, ya rubuta a littafinsa, in Android ce ya ƙara da kwanan watan facin, ya lissafa shekarar da manhajar ta fito. Sannan ya duba filin da ya rage masa, ya karanta wa abokin zamansa da murya. Kalmar sirri ba ta cikin abin da za a karanta wa kowa. Wanda ya ga akwai sabuntawa tana jiransa, kada ya danna a aji, sai ya cika sharuɗɗa biyar na shiri.