Yadda Za a Gano Dalilin da Burauza Ke Ƙin Amincewa da Takardar Shaidar Shafi

Duk wanda ya taɓa zama a shagon buga takardu a Wuse ko Nyanya ya san wannan lamari: an kunna kwamfuta da safe, mutane sun fara taruwa, sai Chrome ta ƙi buɗe shafi, ta fito da jan gargaɗi cewa haɗin ba shi da tsaro. Yawanci akan danna maɓallin ci gaba a wuce, wanda kuwa ganganci ne idan shafin banki ne ko na imel. Kafin a taɓa komai, a karanta ƙaramin rubutun da ke ƙasan gargaɗin, sannan a gwada wasu shafuka biyu ko uku. Idan duk sun ƙi buɗewa, matsalar tana cikin na'urar ko layin intanet. Idan ɗaya ne kawai, galibi daga wurin mai shafin take.

A fara da agogo. Kowace takardar shaida, wato takardar dijital da shafi ke nuna wa burauza don tabbatar da cewa shi ne na gaske, tana da ranar fara aiki da ranar ƙarewa, kuma burauza da agogon na'ura take auna su, saboda haka idan aka ga NET::ERR_CERT_DATE_INVALID a ko'ina, a duba kwanan wata a kusurwar allo. Tsofaffin kwamfutoci na hannu sukan zo da mataccen batirin da ke riƙe lokaci, wato ɗan zagayayyen nan mai kama da kwabo, CR2032 a yawancinsu. Da zarar an ɗauke wuta, sai agogo ya koma shekaru baya, takardar da aka bayar bana ta zama a wurinsa kamar ba ta fara aiki ba. A gyara lokacin, a zaɓi yankin UTC+1 wanda Najeriya ke ciki, a kunna saitin daidaita lokaci ta intanet, sannan a canza batirin, domin ana samunsa a Banex da sauran wuraren masu gyara. In ba a canza ba, gobe ma haka za a wayi gari.

Idan agogo daidai yake amma aka ga NET::ERR_CERT_AUTHORITY_INVALID, ko SEC_ERROR_UNKNOWN_ISSUER a Firefox, to maganar ta koma kan wanda ya sa hannu. Takardar shafi tana jingina ne da wata ta tsakiya, ita kuma da ta tushe, kamar yadda baƙo ke kawo wanda zai tsaya masa, shi ma wani sananne ya tsaya masa. Kowane tsarin na'ura, kamar Windows ko Android, yana da jerin tushen da ya yarda da su, kuma jerin yana tsufa. Ranar 30 ga Satumba 2021 wa'adin tushen DST Root CA X3 ya cika, na'urorin da ba su san ISRG Root X1 na Let's Encrypt (cibiyar da ke ba shafuka takardun shaida) ba suka fara ƙin shafuka masu ɗimbin yawa. Wayoyin Android da ba su kai 7.1.1 ba ba su da wannan tushe, shi ya sa aka shawarci masu su da su koma Firefox, wadda ke tafe da nata jerin. A ganina wannan maganin wucin gadi ne, domin wayar da ta tsufa haka ba ta dace da harkar kuɗi ba.

A Windows ana ganin jerin ta hanyar buɗe certmgr.msc, kuma tsarin yakan sauko da sababbin tushe daga Microsoft da kansa, to kwamfutar da aka toshe wa hanyar sabuntawa don tsimin data tana iya zama da tsohon jeri. Windows 7 kuwa tun 14 ga Janairu 2020 aka daina kula da ita. A macOS wurin dubawa shi ne Keychain Access. A Ubuntu da Debian a sabunta kunshin ca-certificates. Idan takardar ofis ce za a ƙara, a ajiye ta a /usr/local/share/ca-certificates da sunan da ya ƙare da .crt, sannan a ba da umarnin update-ca-certificates.

Wani lokaci akwai mai shiga tsakani. Waifai na otal yakan tare hanya har sai an cika shafinsa na shiga, wasu manhajojin riga-kafin bairos kuma sukan musanya takardar shafi da tasu don su binciki abin da ke wucewa. A kashe waifai a gwada da datar waya, sannan a buɗe takardar a ga sunan wanda ya bayar da ita. Kada a yarda a sanya wa na'ura takardar tushe da aka turo ta WhatsApp ko wadda wani shafi ya ce a sauke, domin mai ita zai iya kwaikwayon kowane shafi a idon wannan na'ura, har da na banki.

Shi kuwa mai shafi, abu uku ne ke yawan kama shi. Takardun Let's Encrypt da aka saba bayarwa kwana 90 suke yi, idan sabuntawar atomatik ta tsaya ba a lura ba, sai su ƙare. Ko kuma sunan bai dace ba, kamar a ce takardar ta ƙunshi adireshi mai www kaɗai. Na ukun ya fi rikitarwa: shafi yana buɗewa lafiya a Chrome amma manhajar curl ko wata daban ta ƙi shi, saboda saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ba ta aiko da takardar tsakiya ba, ita Chrome takan nemo ta da kanta. Umarnin openssl s_client tare da -showcerts zai nuna abin da sabar ke aikowa, kuma idan takarda ɗaya ce tak ta bayyana, a sa fayil ɗin fullchain.pem a maimakon cert.pem a saitin sabar, a sake kunna ta.