Yadda ake ɗaure ƙarfen huda a bakin inji mai makulli

Bakin injin huda mai makulli daɗaɗɗen abu ne, tun 1902 Arthur Jacobs ya yi rajistar ƙirarsa a Amurka, kuma har gobe masu aikin ƙarfe da kankare ba su rabu da shi ba. Riƙonsa ya fi na wanda ake matsewa da hannu, shi ya sa. Yatsu uku ne a ciki suke damƙe ƙarfen huda, ga zobe mai haƙora a waje, ga ramuka uku da makullin ke shiga. Na injin hannu galibi yana ɗaukar ƙarfe har milimita 10 ko 13, na injin tebur kuwa yakan kai 16.

Kafin komai, zare wayar daga wuta ko ka cire batir. Sai ka juya zoben da hannu har yatsun su buɗe, amma kada su wangale, su ɗan fi kaurin ƙarfen kaɗan kawai. Idan ƙarfen siriri ne aka buɗe da yawa, sai ya faɗa tsakanin yatsu biyu ya zauna a karkace. Goge gindinsa, ka zura shi ciki sosai, ka tabbata sumul ɗin wurin aka kama, ba murɗaɗɗen sashen da ke yanka ba. Matse da hannu tukuna har ya tsaya da kansa.

Yanzu aikin makulli. Sa kansa a rami, haƙoransa su hau na zoben daidai, ka murɗa dama. Nan ne da yawa suke gajen haƙuri: rami ɗaya, an gama. A'a, ka bi ramukan uku ɗaya bayan ɗaya. Za ka ji a na biyu da na uku makullin yana ƙara tafiya, alamar da sauran sako-sako ke nan. Ƙarfen da bai kamu da kyau ba yakan yi ta sulɓi a ciki idan aiki ya yi nauyi, gindinsa ya karce, daga nan kuma ba zai sake zama daidai ba. Ƙarfin hannu ya isa, ba a buga makulli da guduma.

Cire makullin kafin ka kunna. Wanda aka manta a rami, da injin ya tashi zai yi jifa da shi, kuma ba ya zaɓen inda zai sauka.

Kunna a hankali ka kalli tsinin ƙarfen. In yana rawa, kashe, kwance, sake zaunar da shi. In ya ci gaba da rawa, gwada wani ƙarfen. Idan shi ma haka, mai yiwuwa yatsun ne suka cinye, sai canjin baki.

Bayan aiki, musamman hudar bango, buɗe yatsun gaba ɗaya, ka kakkaɓe ƙura, ka ɗiga mai kaɗan, ka buɗe ka rufe ya ratsa. Makullin kuma ka maƙale shi a jikin wayar, nesa kaɗan da injin, don ba kowane makulli ne haƙoransa ke dacewa da kowane baki ba.